Ƙanwar mijina ta mayar da gidana abin kallo a waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Mabera, cikin garin Sakkwato. Wata huɗu da suka wuce aka yi mini aiki aka ciro ɗana na biyu. Ban ko farfaɗo ba ƙanwar mijina ta ɗora hoton jaririn a sitatus ɗinta na WhatsApp, ta rubuta cewa an yi wa matar Yaya aiki, a taya su da addu'a. Mahaifiyata tana Gwadabawa, a bakin 'yar maƙwabta ta ji, har hawan jininta ya tashi. Tun daga nan ba abin da ya tsira: ɗakina, kayan barka, har ranar da maigidan zai yi tafiya, duk suna TikTok da zauren WhatsApp na dangi mai mutum sama da tamanin. Da na ce mata ina tsoron baki, sai ta kai ƙara wurin Hajiya wai na kira ta mayya. Yanzu ko gaisuwa da ƙyar muke yi. In fita daga zauren? Akwai doka a kan irin wannan? Ko ni ce na cika tsanani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya shi bisa sunna, ya ba Inna lafiya.

Ba ki cika tsanani ba. Aikina koyar da kwamfuta ne a makarantar mata, kuma saboda haka duk rigimar da waya ta haddasa a unguwarmu ƙafata take biyowa: wadda aka ƙwace wa WhatsApp, wadda hotonta ya fita, wadda ta tura saƙon murya inda bai kamata ba. Irin taki ita ce ta fi yawa, kuma ta fi wuyar warwara, domin babu mugu a cikinta. Da a ce baƙo ne ya yi miki haka, da na nuna miki inda ake toshe mutum mun wuce wurin. To wannan goggon yaronki ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da ya ɓata miki rai yana da suna, kuma in kin kama sunan za ki fi iya magana. An ƙwace miki labari ne. A wurinmu labari yana da mai shi, yana kuma da hanyar da yake bi. Ki tuna yadda iyayenmu suke yi. Mace takan ɓoye ciki har sai ya ƙi ɓoyuwa. In ta sauka, akwai waɗanda ake fara aika wa, kuma iyayenta suna sahun farko. Yaron da aka aika yakan tsaya ya ce albishirinku, a ce masa goro, ya samu tukuicinsa. Sunan jariri uban yakan yi masa huɗuba da shi a kunne, ya riƙe a cikinsa, jama'a ba za su ji ba sai safiyar kwana bakwai. Mutuwa kuwa ba a ba yaro saƙonta. Dattijo ake nema, ya je ya zauna, ya gaisa, ya ce jikin wane ya yi tsanani, ya dubi fuskar mutanen gidan, sannan ya sauke nauyin a hankali. Tsari ne da aka gina don kada labari ya faɗo wa mutum a ka kamar katanga. Abin da aka yi wa Inna ke nan: labarin da ya kamata surukinta ya kira ta ya fara da cewa "an sauka lafiya, uwa da ɗa suna nan ƙalau", sai ta ji rabinsa, rabin mai ban tsoro, a bakin yarinyar maƙwabta.

Kada kuma mu yi wa kanmu ƙarya mu ce nuna kaya baƙon abu ne da waya ta kawo. Mu da muke buɗe akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya ana ƙirga turamen atamfa, mu da muke zuwa ganin ɗakin amarya mu leƙa har ƙarƙashin gado? Nuni ya daɗe. Sai dai a da mai kallo da ƙafarsa yake zuwa, ya yi sallama a zaure, in namiji ne baƙo a nan zai tsaya, in mace ce an san 'yar gidan wa ce. Suratun Nur aya ta 27 ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Wayar da ke hannun ƙanwar mijinki ta tsallake zauren, ta shigo da mutum ɗaruruwa har ƙuryar ɗakinki, ke kina kwance da ɗinki a ciki.

Ɗaruruwa na ce, ba kuma ƙari na yi ba. Yawancin masu ɗora sitatus ba su taɓa zama sun lissafa masu gani ba. In ba a taɓa saitin ba, duk wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki yana ganin abin da kika ɗora. Ki ɗauki wayar budurwa irinta ki duba: ƙawayen sakandare, tela, mai POS na bakin titi, ɗan kabu-kabun da ke kai ta makaranta, mai gyaran waya, saurayin da aka rabu da shi bara, matar da ta taɓa sayar mata da turaren wuta. Ita a ranta ƙawayenta biyar take nuna wa. Sannan akwai ruɗin awa 24. Tun da WhatsApp ya kawo sitatus a 2017 mutane suka ɗauka abin da aka ɗora yana gogewa gobe war haka, shi ke nan. Daga idon mai ɗorawa yake ɓacewa. Wanda ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya riga ya adana. Akwai manhajojin da aikinsu kawai sauke sitatus ɗin mutane. Ga kuma jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp da matasanmu ke yayi, waɗanda ke nuna wa mutum saƙon da aka goge. TikTok ya fi wannan nisa, domin shi ba ruwansa da wanda ya san ki. In asusun a buɗe yake, bidiyon ɗakinki yana iya faɗawa gaban wanda ke Legas ko Yamai, kuma in ba ta kashe damar saukewa ba, kowa na iya kwashe shi ya ɗora a nasa shafin da rubutun da ya ga dama.

Yanzu ga inda kika yi tuntuɓe, kuma kusan kowa a nan yake yi. Kin fara da maganar baki. Kambun baka gaskiya ne, ya tabbata a hadisi, ban musa ba. Amma a kunnen Bahaushiya, in ka ce mata kana tsoron baki a kan abin da ita ta yi, abu ɗaya take ji. Ke kina nufin bakin masu kallo, ita ta ji nata bakin. Shi ya sa ta ruga wurin Hajiya tana cewa "Mi niy yi? Ai ɗan Yayana na!" Kuma ta fuskarta tana da hujja: murna ta yi, addu'a ta roƙa. Ki ajiye wannan hujjar gefe, ki yi wa yaronki addu'o'in tsari safe da yamma, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne. A wurin dangin miji da wata hujja za ki je, wadda ba ta zargin zuciyar kowa.

Ki kuma rarrabe abubuwan da take ɗorawa, domin ba nauyinsu ɗaya ba, in kika haɗa su a buhu guda za a ce fitina kike nema. Hoton tuwon da kika tuƙa, ko labulen falo, ko ita tana rawa a tsakar gidanki: abin haushi ne, amma ni da zan ba ki shawara sai in ce ki kau da kai daga mafi yawansu. Wanda ya yi faɗa a kan kowane abu, ranar da babban ya zo ba mai saurarensa.

Lafiyar jikinki, ciki, haihuwa, rashin jituwa tsakaninki da maigida, hotonki ba lulluɓi, waɗannan amana ce. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa in mutum ya faɗa maka magana sannan ya waiga, to maganar nan amana ce. Waigen kawai ya isa, ba sai ya ce kada ka faɗa ba. Wadda ke kwance a gadon asibiti ba ta ma da ƙarfin waigen. Zan ba ki misalin da har yau yake ci mini rai. Wata ɗalibata tana cikin aji, ta buɗe waya lokacin hutun rabin awa, ta ga hoton mahaifinta a sitatus ɗin ɗan baffanta da Inna lillahi a ƙasa. Gidansu sun riga sun tura kawunta ya taho ya ɗauke ta, yana hanya. Yaron ya riga kawun da minti ashirin. A ƙasa muka tsince ta. Da aka tuhume shi daga baya cewa ya yi yana neman wa mamacin addu'a ne, kuma na yarda da gaske yake. Amma son a ce kai ka fara faɗa wani ciwo ne da waya ta ƙara wa ƙarfi, domin tana nuna maka adadin waɗanda suka kalla da sunayensu, kana zaune kana ƙirgawa. Kamfanonin nan da talla suke samun kuɗi, tallar kuma tana bin yawan zaman da mutum ke yi a kan allo, don haka an ƙera manhajojin ne yadda ɗorawa za ta yi daɗi. Yarinyar da ta gama makaranta tana zaune a gida, ba aiki ba sana'a, wannan ƙirgen yana iya zama abin da ya fi faranta mata rai a yini. Ban faɗi haka don in wanke ta ba. Na faɗa ne don ki san da abin da kike kokawa.

Sai na ukun, wanda a kansa ba na sassautawa ko kaɗan: tafiyar maigida. Mu a jihar nan ba sai an yi mana bayani ba. Mun san abin da mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo suke ciki. Muna nan a watan Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, kuma kowa ya san kalmar infoma. Mai ɗaukar mutane ba duba yake yi ba, labari ake kai masa: wane yana da hali, ga motarsa, ga ranar da zai bi hanya. Da ɗan gari akan ci gari. Ba na cewa a cikin lambobin ƙanwar mijinki akwai infoma, Allah ya kiyaye. Cewa nake ita kanta ba za ta iya rantsuwa a kan kowane ɗaya daga cikinsu ba, balle waɗanda aka tura wa daga nan. "Allah ya kai Yaya Illela lafiya" addu'a ce mai kyau, amma in aka rubuta ta a ƙasan hotonsa jingine da mota, lambar motar tana fitowa, da ƙarfe bakwai na safe, ta zama sanarwa: ga shi a hanya, ga gidansa ba namiji. Ƙa'idar da nake koya wa ɗalibaina gajera ce. Tafiya sai an dawo ake ba da labarinta. Ko ta aikin Hajji ce, hoton filin jirgi ya jira.

Mutane suna yawan tambayata ko hoto yana ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi. Yana iya ɗauka in an kunna wannan a kyamara, sai dai WhatsApp yakan cire shi in an tura hoto ta hanyar da aka saba. In an tura shi a matsayin fayil ne yake tafiya da komai nasa. Amma ni ba wannan ya fi damuna ba. Abin da ido ke gani a cikin hoton ya isa: launin ƙofar gida, allon shagon da ke kallonku, bajen makaranta a ƙirjin rigar babban yaronki, katin asibiti mai cikakken suna, takardar sakamakon jarrabawa da lambarta, saƙon banki da aka ɗora don godiya ga wanda ya turo kuɗi. 'Yan damfara da irin wannan tarkacen suke haɗa ƙarya mai kama da gaskiya. Wanda ya san sunan jaririnki, ya san an yi miki aiki, ya san maigida ba ya gari, in ya kira kawunki ya ce an mayar da ke asibiti ana neman kuɗin jini, me zai hana a yarda?

To ta ina za ki fara? Ba ta wurinta ba. Ki tambayi kanki wa ya ba ta hoton farko. In tana asibitin ita ta ɗauka, to. Amma a mafi yawan shari'o'in da suka zo gabana, uban jaririn ne da kansa ya tura wa 'yan ɗakinsu cikin murna, daga nan abu ya bazu. Haka ranar tafiya: ba ke kika faɗa mata ba, a gidan Hajiya ta ji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka maigidanki ne mutum na farko. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, kada ki fara da "ƙanwarka ta yi", domin da ya ji haka zai shiga kare gidansu. Ki fara da shi kansa: kina tsoron hanyar da yake bi, ba kya son a san fitarsa da shigarsa. Sannan ki kawo maganar Inna, ki ce abin ya taɓa ta, kina son a gyara. Namiji mai hankali ya san nauyin suruka. In ya gamsu, shi zai yi magana da Hajiya, kuma maganar ta fito a matsayin dokarsa a kan gidansa da 'ya'yansa, wadda ta hau kan kowa har da ke da 'yan uwanki. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. In ƙannenki suna ɗora yaron ita aka hana ta, kin ba ta gaskiya a hannu.

Hajiya kuwa ki je da kanki, da yaron a baya da ɗan abin hannu. Ki durƙusa ki ce, "Hajiya, maganar da na yi ba ta fito yadda nake nufi ba, wallahi ban nufi Goggonsa da komai ba, a yi haƙuri." Na san za ki ce ke aka yi wa laifi. Haka ne. Amma kalmar maita ta shiga tsakani, kuma muddin tana nan ba za a saurari komai ba. Ba da haƙuri a kan lafazi bai zama janye magana ba. Tsofaffin nan kuma sun fi mu sanin darajar rufin asiri. In kika ce mata Inna a bakin maƙwabta ta ji an yi miki aiki, ba sai kin ƙara komai ba, ita ma uwa ce, ta aurar da 'ya'ya.

Ita ƙanwar, kada ki bar ta hannu wofi. Hani tsagwaronsa ba ya aiki a kan mai ɗoki. Tsakanin matar wa da ƙannen miji akwai wasa, ki yi amfani da shi. Ranar Juma'a in kin yi wa yaron kwalliya, ki ɗauki hoto ɗaya a jikin bango marar alama, ki tura mata ki ce, "Goggo, ga na sitatus, wannan na yarje miki." Kin ba ta abin nunawa, kin kuma koya mata, ba tare da wa'azi ba, cewa akwai na ɗorawa akwai na ajiyewa, kuma ke ce mai zaɓa. Na ga wannan dabarar ta yi aiki a gidajen da faɗa ya kasa. In ta zo da hujjar da suke yawan kawowa, wai ai Allah ya ce a ba da labarin ni'imarsa, ayar ƙarshe ta Suratud Duha, kada ki shiga musun tafsiri da ita, ki bar wa malamai. Iyaka ki tuna mata cewa a cikin Alƙur'anin nan dai Annabi Yaƙubu ya ce wa Annabi Yusuf kada ya ba 'yan uwansa labarin mafarkinsa. Bidiyoyin da ke TikTok kuwa ki roƙe ta ta sauke waɗanda ke nuna ɗakin kwananki da ƙofar gida. Ki ambace su ɗaya ɗaya. "Ki goge komai" ba ya samun karɓuwa.

Zauren dangi kada ki fita. Gaskiya ne tun 2022 in mutum ya fita masu kula da zauren kaɗai ake sanar wa, amma sunansa yana zama a jerin waɗanda suka fita har kwana 60, kuma a dangi ba a rasa mai dubawa. Kafin la'asar an ce matar wane ta fi ƙarfinmu. Ki kashe masa ƙara, ki hana hotunansa sauka cikin wayarki, ki riƙa leƙawa sau ɗaya a yini ki yi barka ki yi ta'aziyya. Mutum tamanin ba ɗaki ba ne, dandali ne, ki yi magana a ciki kamar yadda za ki yi a gidan biki. Abin da ya fi amfani shi ne maigidanki ya samu babban da ake jin maganarsa cikin masu kula da zauren, a kafa ƙa'ida ɗaya ko biyu da ba su ambaci sunan kowa ba: ba a sanar da rasuwa ko rashin lafiya ko haihuwa sai mai abin ya sanar ko ya ba da izini, ba a kuma ɗora hoton gawa ko na majinyaci. Mai kula da zaure yana da ikon goge saƙon wani ya ɓace wa kowa, cikin kimanin kwana biyu da turo shi. Dattawa da yawa suna riƙe da wannan ikon ba su san suna da shi ba. A nuna musu.

A wayarki ke ma akwai 'yan gyare-gyare. Ki shiga saiti, sashen sirri mai alamar kwaɗo. A nan za ki zaɓi masu ganin sitatus ɗinki, ko ki ware wasu, ko ki ce wane da wane kaɗai. A nan ne kuma za ki taƙaita masu ganin hoton fuskar asusunki da masu iya jefa ki cikin sabon zaure. In za ki tura hoton yaro ga wadda ba ki amince da hannunta ba, ki taɓa 'yar da'irar nan mai lamba 1 kafin ki tura, hoton zai buɗu sau ɗaya ya rufe, ba ya turuwa gaba, wayar kuma ba ta yarda a ɗauki hoton allonsa. Sai dai mai waya biyu yana iya ɗauka da ɗayar, don haka abin da fitarsa zai kunyata ki kada ya bar wayarki ta kowace hanya. Ki kuma kunna tabbaci mai mataki biyu, ki sa lambobin sirri shida da ke kaɗai kika sani. Lambobi shidan da ke shigowa ta saƙon tes kuwa ko wa ya kira ya nema, ko da sunan taron dangi ko tallafi, kada ki karanta masa. Da su ake ƙwace asusu, a shiga zauren dangi da sunanki ana roƙon kuɗi.

Kin tambayi doka. Akwai, amma ba za ta yi miki aikin da kike so ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sirrin kansa da gidansa da sadarwarsa. Akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta ɗauki bayanin lafiya a matsayin mai buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma nemi izinin iyaye a kan bayanan yara. Sai dai an fi gina ta don kamfanoni da hukumomi, ta ma ware abin da mutum ya yi don harkar kansa ko ta gidansa, matuƙar bai keta sirrin wani ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana magana ne a kan barazana da batsa da ƙaryar da ke iya ta da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Hoton jariri da "a taya mu da addu'a" bai shiga nan ba. Ko da ya shiga, ranar da takardar sammaci ta isa gidan Hajiya, aurenki ne zai biya kuɗin shari'ar. Inda nake cewa a tafi hukuma ba jinkiri shi ne in wani ya riƙe hoton tsiraici ko saƙon sirri yana barazana da shi, ko yana neman kuɗi. Wannan ko ɗan uwa ne a adana shaida, kada a goge saƙonnin, a nemi lauya ko 'yan sanda. Ƙasa da wannan, Facebook da TikTok duk suna da hanyar kai ƙorafin keta sirri, Facebook ma yana karɓar buƙatar iyaye ta a cire hoton yaron da bai kai shekara 13 ba. Ki riƙe wannan a matsayin makamin ƙarshe, in an yi magana an sake yi ba ta sauke ba.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonki da girman Allah kada ki yi, domin na san hannunki yana ƙaiƙayi: habaici a sitatus. "Wasu dai ba su san gidan mutane ba." "Allah ya raba mu da munafukai." Da zarar kin ɗora irin wannan kin zama abin da kike kuka da shi, kin fitar da rigimar gidanki ga tela da mai POS ɗinki ke ma. Za ta gani, za ta mayar, ƙawayenta su ɗauka su tura wa yayyenta, abin da za a kashe a ɗakin Hajiya cikin minti goma ya koma shekara. Laifi tudu ne. Tun da muna nan, ki koma baya ki duba naki sitatus ɗin na watannin nan. Bikin ƙawarki da kika ɗora, an tambayi duk matan da suka fito a bidiyon, wasu mayafi ya zame suna rawa? Ni kaina na taɓa ɗora hoton walimar sauka, wata baiwar Allah ta kira ni cikin dare ta ce mijinta bai san ta je ba. Tun ranar nake tambaya kafin in ɗora fuskar kowa.

In an yi duk wannan ta ci gaba, sai ki rage abin da ke isa gare ta ba tare da sanarwa ba. Ciki na gaba, in Allah ya kawo, ku yi shawara da maigida tun da wuri a kan wa zai raka ki asibiti, wa za a fara kira, kuma ba a ɗaukar hoto sai kin farfaɗo kin gyara kin ce to. In ta shigo ɗaki da waya a ɗage, ki yi dariya ki ce, "Goggo, ajiye wayar ki karɓi ɗanki," ki miƙa mata shi. Hannun da ke riƙe da jariri ba ya ɗaukar bidiyo. Gaisuwa kuma ki ci gaba da yi ko tana amsawa da hanci, ke ce babba.

Inna kuwa, in jikinki ya yi ƙwari likita ya yarda da zaman mota, ku shirya ku je Gwadabawa ku uku. Maigidan ya gaishe ta ya ba ta haƙuri da bakinsa a kan yadda labarin ya iso mata, ta ga ɗinkin ya warke, ta ɗauki jikanta. Ku tafi da abin awon jini in kuna da shi, ku duba ko tana shan maganinta a kan lokaci. Ranar da za ku tafi kuma ku biyu kaɗai za ku sani, Hajiya a faɗa mata da safen, baki da baki.